Daga Nuwakshot zuwa ajin zana: ina alƙawarin da shugabanni suka yi wa yaran Sahel?

A ranar 8 ga watan Nuwamba 2021, wuta ta tashi a wasu azuzuwan zana na wata makarantar firamare a birnin Maraɗi, ta kashe aƙalla yara 25. Watanni bakwai kafin nan, irin wannan gobara ta ci rayukan yara kusan 20 a unguwar Pays-Bas da ke Yamai. Ba a cika wata guda da makokin Maraɗi ba, shugabanni da wakilan ƙasashen Sahel biyar suka hallara a Nuwakshot, babban birnin Muritaniya, domin tattauna makomar ilimi.

Taron na ranar 5 ga Disamba 2021, wanda bankin duniya ya taimaka aka shirya, ya haɗa Muritaniya da Mali da Burkina Faso da Nijar da Chadi. Shugaban ƙasa na lokacin, Mohamed Bazoum, ya halarta. Alƙaluman da aka gabatar masu tayar da hankali ne: kashi 88 cikin 100 na yaran yankin masu shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Mahalarta sun amince da manufofi uku: rage yawan waɗannan yara, ƙara yawan ƴan mata a sakandare, da koyar da karatu da ƙirga ga matasan da suka bar makaranta.

Duk wanda ya yi lakwal a karkara ya san inda gizo ke saƙar. Na farko, rufi. Hukumomi da kansu sun ce azuzuwan zana a ƙasar sun kai kusan 36,000. Irin wannan aji sai an gama girbi ake samun karan kafa shi, ruwan farko kuma na sauka a tashi. Ɗan ƙauye kan rasa makonni a farko da ƙarshen shekara, alhali jarrabawa ɗaya zai zauna da ɗan birni mai ajin siminti.

Na biyu, harshe. Yaron da ya tashi da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci yana shiga aji ya tarar da Faransanci, harshen da bai taɓa ji a gida ba, sai ya riƙa haddace abin da bai gane ba. Tun a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ma ta ba harsunan ƙasa gurbi, amma tsarin ya daɗe yana tafiyar hawainiya. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris 2025, bayan babban taron ƙasa na watan Fabrairu a Yamai, ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Sauran aiki shi ne littattafai da horar da malamai, tare da kula da yaran da Hausa ba ita ce harshen gidansu ba.

Na uku, ƴan mata. Kusan kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Yarinyar da ta ci jarrabawar shiga kwaleji sau da yawa sai ta bar ƙauyensu ta zauna gidan mariƙi, iyaye da dama kuwa ba sa yarda. Dokar watan Disamba 2017 ta tanadi kare karatun yarinya har shekara 16, an kuma gina gidajen kwanan ɗalibai mata a wasu wurare, kamar Kelle a jihar Damagaram.

Tun daga taron Nuwakshot abubuwa sun sauya. Mulki ya canza hannu a Yamai a watan Yuli 2023, Nijar ta fice daga ƙungiyar G5 Sahel a ƙarshen shekarar, rashin tsaro kuma ya rufe ɗaruruwan makarantu, musamman a jihar Tilaberi. Yaron da ke da shekara 6 a ranar da aka sanya hannu a takardar, tuni ya kai shekarun da ake auna iya karatu da su.

Akwai wani zama da ya fi kusa da mu. Makarantun gwamnati na da kwamitin kula da makaranta da ake kira COGES, inda iyaye da malamai ke tsara aikin shekara. Matashin da ke Zinder ko Tawa na iya halartar zaman, ya tambayi azuzuwa nawa ne na zana, ƴan mata nawa suka bari a bana. Ɗan ci-rani da ke Kano ko Akara ko Aljeriya, in zai aiko da gudummawa ƙauyensu, yana iya neman lissafin kwamitin kafin ya tura, ya kuma sake tambaya a ƙarshen shekara.