Ƙananan Gidajen Wasan Daɓe na 'Yan LGBT a Amurka: Mafarinsu da Tasirinsu

A biranen Amurka da dama akwai ƙananan gidajen wasan kwaikwayo da ba don riba aka kafa su ba, waɗanda suka keɓe dandalinsu ga labaran 'yan luwaɗi da maɗigo da masu sauya jinsi, wato rukunin da ake taƙaita sunansa da LGBT. Yawancinsu suna ba sababbin marubuta fifiko. Theatre Rhinoceros na San Francisco ya fara aiki a 1977, Celebration Theatre na Los Angeles a 1982, Diversionary Theatre na San Diego a 1986, sai About Face Theatre na Chicago a 1995. Irinsu sun ɓulla a wasu ƙasashen, kamar Gay Sweatshop a Landan a 1975 da Buddies in Bad Times a Toronto a 1979, amma a Amurka ne lamarin ya fi yin jijiya.

Dalili na farko na ɓullowarsu doka ce. A 1927 jihar New York ta yi dokar da ta ba hukuma ikon garƙame duk gidan wasan da ya nuna abin da ta kira karkatar jima'i, har tsawon shekara guda, kuma dokar ta ci gaba da aiki har 1967. Masu manyan gidajen Broadway 'yan kasuwa ne, ba wanda zai sa jarinsa a haɗari saboda marubuci ɗaya. Saboda haka labarin ya koma inda idon hukuma da na masu kuɗi bai cika kaiwa ba. Caffe Cino, wani ɗan shagon shan gahawa da Joe Cino ya buɗe a unguwar Greenwich Village a 1958, ya zama matattarar matasan marubuta. Dandalin bai fi 'yan taku kaɗan ba, kuma abin da 'yan kallo suka jefa a kwando bayan wasa shi 'yan wasa ke rabawa. A nan aka nuna The Madness of Lady Bright na Lanford Wilson a 1964, ɗaya daga cikin wasannin farko da suka sa ɗan luwaɗi a tsakiyar labari ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Bayan tarzomar Stonewall da 'yan LGBT suka yi a 1969, abin da ake yi a lungu ya fara zama ƙungiyoyi masu suna da rajista, kamar TOSOS da Doric Wilson da abokansa suka kafa a 1974.

Dalili na biyu tsarin kuɗi ne, kuma shi ake yawan mantawa da shi. Dokar harajin Amurka ta yafe wa ƙungiyoyin da ba na riba ba biyan haraji, sannan wanda ya ba su gudummawa yana samun ragi a nasa harajin. Wannan ya sa gida mai kujeru ɗari ko ƙasa da haka zai iya rayuwa ko da kuɗin tikiti bai biya rabin ɗawainiyarsa ba. Sauran yana fitowa daga gidauniyoyi, da tallafin birni ko jiha, da liyafar tara kuɗi, da 'yan sa-kai masu ɗinka kayan wasa ko karɓar tikiti a ƙofa. Alaƙar waɗannan gidaje da sababbin marubuta ma daga nan take. Tun da babu tarin tsofaffin wasanni a kan wannan batu, dole aka nemi masu rubuta sababbi, kuma marubucin da ba a san shi ba ya fi araha. Asara idan ta zo ba ta da yawa, don haka ana iya gwaji.

Annobar ƙanjamau ta shekarun 1980 ta sauya nauyin aikin baki ɗaya. A lokacin da gwamnatin tarayya ke jan ƙafa, gidajen wasan sun zama wuraren makoki da wayar da kai da tara kuɗin jinya. Theatre Rhinoceros ya gabatar da The AIDS Show a 1984, shekara guda kafin The Normal Heart na Larry Kramer ya fito a New York. Annobar ta kuma cinye su daga ciki, domin ta kashe marubuta da daraktoci da 'yan wasa masu yawa, ciki har da Allan Estes, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Rhinoceros.

Babban tasirinsu shi ne renon marubuta. Lanford Wilson, wanda ya fara a shagon gahawa, ya ci lambar Pulitzer a 1980. Harvey Fierstein ya gwada sassan Torch Song Trilogy a gidan wasan La MaMa, ƙungiyar The Glines ta haɗa su wuri ɗaya a 1981, wasan ya kai Broadway ya ci lambar Tony a 1983. Ƙaramin gida ne ya ɗauki haɗarin, babban gida ya zo daga baya ya kwashi kuɗin, kuma da wuya wani abin kirki ya koma ga wanda ya fara.

Nasarar ce ta jawo musu matsalar da suke fama da ita yanzu. Tun da Angels in America na Tony Kushner ya ci Pulitzer a 1993, manyan gidaje suka daina ɗari-ɗari da irin waɗannan labarai. Fun Home ya ci Tony a 2015, shekarar da Kotun Ƙoli ta halatta auren jinsi a faɗin ƙasar, A Strange Loop kuma ya ci a 2022. Mai kallon da a da ba shi da wurin zuwa sai ƙaramin gida, yanzu yana da Broadway da talabijin da intanet. Unguwannin da suka reni gidajen sun yi tsada, har Rhinoceros ya bar mazauninsa na ginin Redstone a 2009 ya koma haya daga wannan zaure zuwa wancan. Rufe gidajen wasa a 2020 saboda korona ya ƙara dagula lissafi. Amsar da yawancinsu suka bayar ita ce karkata ga waɗanda manyan gidaje ba su cika ɗauka ba: baƙar fata, da 'yan asalin Latin Amurka, da masu sauya jinsi. Wannan ma martani ne ga wani tsohon ƙorafi na cikin gida, cewa maza farar fata ne suka mamaye dandalin tun farko, ƙorafin da ya sa mata suka buɗe WOW Café nasu a New York a farkon shekarun 1980.

Dogaro da tallafi kuwa yana ɗaure su da siyasa. A 1990 shugaban hukumar tallafa wa fasaha ta ƙasa, NEA, ya soke tallafin wasu 'yan wasa huɗu, uku daga cikinsu 'yan luwaɗi ko maɗigo, kuma shari'ar ta kai Kotun Ƙoli a 1998. Masu ra'ayin riƙau, musamman ƙungiyoyin addini, suna cewa bai dace a kashe harajin jama'a kan abin da ya saɓa wa aƙidar miliyoyin masu biyansa ba, gidajen wasan kuma suna kafa hujja da 'yancin faɗin albarkacin baki da tsarin mulki ya tanadar. Taƙaddamar ta sake tasowa a 2025, lokacin da NEA ta sa sharaɗin kada masu neman tallafi su yaɗa abin da gwamnati ta kira aƙidar jinsi, inda The Theater Offensive na Boston da National Queer Theater na New York suka shiga sahun ƙungiyoyin da suka kai ta ƙara kotu.