Gado da Ƙari a Manhajar Layin Umarni

Manhajar layin umarni ita ce wadda ake bi da ita da rubutattun kalmomi, kamar yadda aka saba a tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a Amurka a 1969. Kowane umarni a cikinta yana bukatar suna, da bayani, da hanyar karɓar abin da aka rubuta. In aka yi ta maimaita waɗannan a wurare hamsin, to, kuskure ɗaya sai an gyara shi sau hamsin.

Saboda haka magina manhaja sukan rubuta ajin tushe, su zuba waɗannan ƙa'idoji a cikinsa, kowane sabon umarni ya gaje su, ya ƙara aikinsa kaɗai. Wannan dabara ta gado ta samo asali daga harshen Simula 67, na Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard.

Shi kuwa ƙari, wani ne daga waje ke rubuta shi, a maƙala shi ba tare da an taɓa uwar manhajar ba, tamkar ƙota da ruwan gatari. Alal misali, Git, wadda Linus Torvalds ya fitar a 2005, in aka ba ta umarnin da ba ta sani ba, takan nemi manhajar da aka liƙa wa sunanta a gaban sunan umarnin, ta tashe ta.

Sai dai fa tushiya mafarin dawa. Wanda ya sauya ajin tushe da gaggawa, ya rushe aikin duk waɗanda suka gaje shi.