Kakakin Bature a Bakin Ɗan Nijeriya: Bibof da Gindin Kiɗa a Faifan Farko na Matashin Mabushi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2017 wani matashin mabushi mai suna Etuk Ubong, haifaffen Jihar Akwa Ibom wanda ya tashi a Ikko, ya fitar da cikakken faifansa na farko mai suna Tales of Life, yana da shekara 25. Kiɗan jaz ne na mutum huɗu. Bayan shekara 3 sai ya fitar da Africa Today, inda ya ɗora busar a kan kiɗan afrobit da hailaif da kuma ekombi na ƙabilar Efik. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilin da ya sa mabushin Nijeriya kan fara da salon jaz da ake kira bibof, sa'an nan ya dawo neman kiɗan da za a taka. Ra'ayinmu shi ne amsar tana da alaƙa da harshe, don haka batun ya shafi manazarta harsunanmu.

2.0 Sunayen Abubuwa

Hausa na da kakaki da farai da ƙaho da algaita. Zuwan soja ya kawo begila, wadda aka aro daga Ingilishi, da badujala. Kayan busar da ake magana a kansa a nan bai dace da ko ɗaya daga cikinsu ba. Bututu ne na tagulla mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi, an naɗe shi, an sa masa madannai 3 waɗanda aka ƙirƙiro a Jamus wajen 1818. Kowane madanni yana ƙara wa iska tsawon tafiya, sai murya ta sauka. Begila ba ta da madanni, shi ya sa muryoyinta ba su wuce 'yan kaɗan ba. Wannan kuwa yana iya furta duk muryoyi 12 na ma'aunin kiɗan Turai. Za mu kira shi kakakin Bature, ko da yake, kamar yadda za a gani, sunan ya fi dacewa da kamanni bisa ga aiki.

Kalma ta biyu ita ce ta zubin kiɗan da ake maimaitawa a ƙarƙashin busa, wanda ganguna da babban garaya ke riƙewa ba sauyi, shi ne kuma ke motsa ƙafa. Gusau (1993) ya yi amfani da gindin waƙa da ɗiyan waƙa wajen nazarin waƙar baka. A bisa wannan ƙiyasi muke ba da shawarar a ce gindin kiɗa.

3.0 Mene ne Bibof?

Bibof ya tsiro a birnin Niyok na Amurka a farkon shekarun 1940, musamman a gidan kiɗa na Minton da ke unguwar Halem. Jigoginsa su ne Dizzy Gillespie mai kakakin Bature, da Charlie Parker, da Thelonious Monk, da makaɗin ganga Kenny Clarke. Kafin su, jaz kiɗan rawa ne na manyan ƙungiyoyi. Su kuma suka mayar da shi kiɗan saurare: mutum 4 ko 5, gudu mai tsanani, da ƙirƙirar nan take. Tsarinsa ba baƙo ba ne ga wanda ya san waƙar fada. Ana buɗewa da gindi, kowane mabushi ya kawo ɗiyansa da ka, a rufe da gindi. Bambancin shi ne ɗan da mabushin bibof ke kawowa ba ya bin wata magana. Yana bin jerin haɗin muryoyi ne da ke sauyawa sau ɗaya ko biyu a kowace gaɓar kiɗa, kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Clarke kuma ya ɗauke riƙon lokaci daga babbar ganga ya mayar kan faifan tagulla, sai mai rawa ya rasa inda zai aza ƙafa.

Ko a Amurka ba a daɗe ba aka fara gyara. A 1947 Gillespie ya haɗu da makaɗin Kuba Chano Pozo suka yi Manteca. A 1964 faifan Lee Morgan mai suna The Sidewinder ya yi kasuwar da ba a zata ba, domin busar bibof ce a kan gindin kiɗa tsayayye.

4.0 Busar da ke Magana

A nan ne ainihin matsalar take. Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya fara. Tsawonsa kan haura mita 2, amma manyan muryoyinsa biyu ne, ta sama da ta ƙasa. Wanda ya auna shi da ma'aunin Turai zai ce kayan busa ne matalauci. Manazarcin harshe ba zai ce haka ba, domin Hausa ma karin sautinta na asali biyu ne, na sama da na ƙasa, sai faɗau wanda ke haɗa su a gaɓa guda. Kalmar baba, in an yi ta ƙasa-sama uba ce, sama-ƙasa uwa ce, sama-sama kuwa shukar rini ce. Idan aka haɗa muryoyi biyu da tsawo da gajartar gaɓa, an sami abin da zai ɗauki take da kirari. Ma'ana, kakaki faɗa yake yi, fadawa da mutanen gari kuma suna jin abin da ya faɗa. Nazarin Richards (1972) a kan wata waƙar Hausa ya nuna cewa ko a rerawa murya kan karkata ga bin karin sautin kalmomi, duk da ba a kowace gaɓa ba.

Ba Hausa kaɗai ke da wannan ba. A nan Inugu, wanda ya zauna a Abakpa Nike yana jin busa iri biyu: begilar barikin soja da ke unguwar, da kuma oja, ƙaramar sarewar itace ta Ibo, wadda ake kiran sunan mutum da ita a yi masa kirari a wurin biki ko jana'iza har ya miƙe tsaye. Harshen Ibo mai karin sauti ne, haka Yarabanci da Ibibiyo da Efik. Kunnen da ya tashi a cikin waɗannan harsuna ya saba da neman magana a cikin busa. Idan ya ji ɗan bibof mai muryoyi ɗaruruwa a minti guda, sai ya saurara ya rasa kalma ko ɗaya. Abin da masanin jaz ke kira fasaha, shi a wurinsa surutu ne. Ba jahilci ba ne. Ma'auninsa ne dabam.

Gindin kiɗa shi ke sasanta su. Da zarar an daina sauya haɗin muryoyi, aka tsaya a kan guda ɗaya ko biyu, mabushi ya sami sararin yanka busarsa gajeru-gajeru daidai da numfashin mai magana, sauran mabusa su amsa masa kamar 'yan amshi. Gudun bibof bai ɓace ba, amma ya zama ado da ake kawowa jefi-jefi a tsakanin jimloli.

Tarihin Fela Kuti shaida ne. Kakakin Bature ya koya a Kwalejin Kiɗa ta Trinity a Landan daga 1958. Da ya dawo a 1963 sai ya kafa ƙungiyar jaz zalla ta mutum 5, jama'a kuwa ba su karɓe ta ba. A 1965 ya sake ɗaura ɗamara da Koola Lobitos, tare da makaɗi Tony Allen wanda ya ƙoshi da sauraren Art Blakey da Max Roach, suka kira abin da suke yi hailaif-jaz. Duk da haka faifan wancan zamani cunkushe suke da busa. Sai bayan tafiyarsa Amurka a 1969 ya rage kaya, ya tsawaita gindin kiɗa, afrobit ya tsaya da ƙafarsa. Ubong, wanda ya yi aiki a ƙungiyar Victor Olaiya da ta Femi Kuti, hanyar nan ya sake bi bayan shekara 50. A gabas kuwa Rex Lawson, wanda ya rasu a 1971, bai bi ta bibof ba. Busarsa kan bi sawun rerawarsa ta harshen Kalabari, kuma har yau ana sauraren faifansa a Fatakwal da Anaca.

5.0 Ina Hausa?

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Bala Miller (1928-2003), ɗan asalin Zariya haifaffen Fankshin, wanda ya kafa babbar ƙungiya mai kayan busa a ƙarshen shekarun 1970, ya rera da Hausa, kamar a waƙarsa Ikon Allah, ya kuma yi shiri a talabijin na ƙasa a shekarun 1980. Hailaif ya yi, ba bibof ba, amma ya nuna cewa kakakin Bature na iya amsa wa jimlar Hausa ba tare da ya karya mata kari ba. Bayansa layin bai yi tsawo ba. Waƙoƙin finafinan Hausa da suka bunƙasa daga shekarun 1990 a kan fiyano aka gina su, mutum guda na danna muryar algaita ko ta sarewa daga cikin na'ura, alhali na'ura ba ta san inda gaɓa mai faɗau take ba. Kakaki da farai kuwa suna fada, ana koyonsu ta gado.

Saboda haka matashin Bahaushe da ya ɗauki kakakin Bature a yau zai tarar da littattafan da aka rubuta busar Parker da Gillespie murya bayan murya, ya haddace. Aikin da ya rataya a wuyan sassan harsunan Nijeriya shi ne a naɗi taken kakaki na Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato daga bakin masu busa shi, a rubuta kowane take tare da kalmominsa da alamomin karin sauti da tsawon gaɓa, domin mabushi ya ga wace murya ce ta faɗa a kan wace gaɓa.