Ɗaurin Fulogi a Inji: Tsakanin Ma'auni da Kalmomin Kanikawa

Gabatarwa

Kanikanci na daga cikin sana'o'in zamani da suka wadata Hausa da kalmomin aro. Fulogi da sifana da washa duk daga Ingilishi suka zo, aka saƙala wasali a biyun farko domin a raba baƙaƙen da suka cunkushe. Wannan maƙala ta dubi yadda ake ɗaure fulogi, da yadda harshe ke bayyana ƙarfin ɗaurin.

Yadda Ake Ɗaurin

Fulogi shi ne ke tartsatsin wutar da ke kunna gaurayen fetur da iska a cikin silinda. Zafin da yake ɗauka yana fita ne ta mazauninsa da zaren da ke jikinsa zuwa kan silinda, don haka ɗaurin ke da muhimmanci. Ana jira inji ya huce, a share ramin, sannan a fara murzawa da hannu domin kada zare ya hau zare. Idan washa ta zauna, sai a ɗauko sifana.

Kamfanin NGK ya ƙayyade Niyuton-mita 25 zuwa 30 ga fulogi mai kaurin milimita 14 a kan silinda na alminiyam. Inda babu sifana mai ma'auni, sabon fulogi mai washa ana ƙara masa rabin zagaye zuwa biyu bisa uku. Wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa, washarsa ta riga ta matse, ɗaya bisa goma sha biyu ya wadatar.

Illar Kuskure

Fulogin da aka bari sako-sako yana zubar da matsi, ya yi zafi fiye da kima, har ya iya kunna mai kafin lokaci ya lalata fistin. Wanda aka matse da yawa kuma yana iya tsaga farin tangaran ɗinsa, ko ya cinye zaren ramin, gyaran da ya fi kuɗin fulogin nesa ba kusa ba.

Kammalawa

Hausa na auna ɗauri da amsa-kama irin su tam da kam da sako-sako, waɗanda ke nuna iyakoki biyu. Ɗaurin da fulogi ke buƙata yana tsakaninsu ne. Yaron da maigidansa ya ce wa “ɗaure shi tam” zai iya wuce gona da iri alhali yana bin umarni. Samar da keɓaɓɓun kalmomin wannan ma'auni aiki ne da ke jiran masana harshe da kanikawa tare.