Darasin ƙari a lakwal: ana yin shi kuwa?

A shekarar 2014 an gwada yaran aji 6 na firamare a Nijar. Cikin yara 100, waɗanda suka iya karatu sosai ba su kai 10 ba.

Don taimakon yaran da aka bari baya, kwamitin kula da lakwal, wato Kojes, yana shirya darasin ƙari a ƙauyuka da dama. Ana gwada yara, a faɗa wa taron gari sakamako, a tsaida ranaku da mai koyarwa.

Amma shirya aiki daban, yin shi daban. Manomin da ya bar taki cikin buhu ba shi da bakin cewa taki bai yi ba.

Ga abin da ya kamata uwaye su bincika:

1. Kwana nawa aka yi darasin cikin sati? Awa nawa?
2. Yaran da aka rubuta suna zuwa, ko an tura su kiwo da talla?
3. Kowane yaro yana da littafi da fensir?
4. An raba su daidai da abin da kowa ya iya?

Littafin kiran suna yana nuna ranaku da masu zuwa. Wanda ya yi yaƙi da jahilci yana iya karanta shi da kansa. Sauran kuwa, sai an leƙa aji.

Bayan ƴan watanni a sake gwaji. In an yi darasin duka, yaro bai ci gaba ba, a sake dabara. In ba a yi ba, kada a ce yaro daƙiƙi ne.

Gani ya kori ji.