Neman Tsohon Jirgin Alminiyam A Abuja

Ko da yake Abuja ba ta bakin babban kogi, Tafkin Jabi ya sa ana bukatar jiragen ruwa. Na alminiyam ba ya ruɓewa kamar na katako, amma sabonsa akwai tsada. Saboda haka mai neman na hannu sai ya gangara Lakwaja ko Ikko.

Kafin ciniki, wajibi ne ya duba ƙusoshi da wuraren walda, sa'an nan ya zuba wa jirgin ruwa a kan tudu. Inda ya ɗiga, nan gyara yake. Wanda ya daɗe cikin ruwan gishiri kuwa, ƙananan ramuka sukan cinye gindinsa.

Araha ba ta ado. Hatsarin Wara na 2021 ya isa ishara: raunin jirgi, rayuka yake ci.