Zaman Alƙahira: Da Wa Yaronku Yake Kwana Yake Tashi?

Iyaye da yawa idan za su tura yaro karatu Masar, tambayarsu ba ta wuce kuɗin makaranta da na jirgi da yawan shekarun da zai yi. Da wuya ka ji an tambayi da wa zai zauna. Alhali sa'o'in aji kaɗan ne. Sauran yini da dare a masauki yake yin su, ko a titi, ko a gidan shayi, kuma a nan ne matashi yake gyaruwa ko ya lalace.

Wanda ya samu gurbin Jami'ar Azhar da tallafi akan ba shi ɗaki a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya, inda akwai abinci da dokar shiga da fita. Sauran haya suke kamawa, galibi a Madinat Nasr, musamman Hayyul Ashir, ko a Darrasa kusa da masallacin Azhar. Mutum biyar ko shida za su haɗa kuɗi su kama shaƙƙa guda, wato sashe a gidan bene, ta hannun dillali, shi ma sai an sallame shi. Haya ta yi tashin gwauron zabo tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 masu gudun hijira suka kwararo, ga shi a Maris ɗin 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga wajen 31 zuwa wajen 50 a kan dala ɗaya, kayan masarufi suka ƙara tsada.

Shiga irin wannan shaƙƙa ka gani. A jikin firji an manna takardar jerin masu girki, a saman kabad ga ledar kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da wani ya ɗauko daga gida, ana tattalinsu don tuwon ranar Juma'a. Zama ne mai daɗi, amma rigimarsa daga ƙananan abubuwa take tasowa: wa ya ƙarar da gas, wa ya bar tukunya ba wanki, baƙon wane ne ya zo kwana uku ya share wata. Mafi zafi shi ne na wanda kuɗinsa bai iso daga gida ba, yana jin nauyin faɗa, abokan zama kuma suna ganin ya maƙale ne. Shi ya sa ya kyautu tun ranar farko a zauna a yanka abin da kowa zai riƙa bayarwa, a ajiye kunya gefe.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne matashin da ya je Masar amma bai bar unguwarsu ba. Hausa da safe, Hausa da dare, fim ɗin Kannywood a waya, gardamar siyasar gida a WhatsApp har asuba. Sai ya shekara huɗu bai iya cinikin tumatir ba. 'Yan gida garkuwa ne, ba na musun haka. Su ne za su kai ka asibiti, su raka ka ofishin iƙama, wato izinin zama. Sai dai Larabcin titi ammiyya ce, ta sha bamban da ta littafi, har wasu malamai da ita suke bayani a aji, kuma ba a koyonta a ɗaki. Ana tsintarta ne a bakin mai gadin bene, da mai sayar da ful da ɗa'amiyya da safe, da gidan shayi ranar da ƙungiyar ƙwallo ta Ahli ke karawa da Zamalek. Zauren karatu na masallacin Azhar kuma kyauta ne, can za ka zauna kafaɗa da kafaɗa da ɗan Indunusiya da ɗan Senegal, ba abin da ya haɗa ku sai Larabci.

Titin yana da nasa ɗacin. Baƙar fata kan gamu da yaran da za su bi shi da "samara", wani lokacin har da manya. Abin da ciwo, amma dambe a ƙasar mutane baƙo yake kayarwa. A wuce, ko a kai ƙara wurin dattijon unguwa. A riƙa yawo da shaidar iƙama, a sabunta ta kafin ta ƙare, a guji ɗaukar hoton 'yan sanda da gine-ginen soja, a kama baki daga siyasar ƙasar. 'Yan mata su sani jirgin ƙarƙashin ƙasa yana da taragun mata zalla.

Sai kaɗaici, wanda ba a cika maganarsa ba. Yakan taso a sanyin Janairu, ko ranar Sallah idan aka sauko daga idi ba gidan da za a je gaisuwa. Abokan zama, in kun ga ɗan'uwa ya daina fitowa cin abinci, ya koma barcin rana da zaman waya da dare, kada ku ce halinsa ne. Ku ƙwanƙwasa masa ƙofa, ku ja shi waje, in abin ya ci tura ku sanar da shugabannin ƙungiyar ɗalibai. Iyaye kuma su karɓi lambar abokin zamansa ko da guda, su riƙa kiran shi ma, domin yaro yakan ce "lafiya lau" a waya ko da kwana biyu bai sa komai a bakinsa ba.